Ranar da Sababbin Majalisu Huɗu na Ingila Suka Ji Muryar Masu Zaɓe



A ranar Alhamis, 5 ga watan Mayu na 2022, mutanen larduna uku na ƙasar Ingila suka fita zaɓen kansilolin majalisun da a lokacin ba su fara aiki ba. Doka ta riga ta yanka musu ranar haihuwa, 1 ga Afrilu na 2023, amma an ga ya fi kyau a zaɓi shugabanninsu da wuri domin su shirya karɓar ragama. Majalisun su ne North Yorkshire a arewa maso gabas, da Somerset a kudu maso yamma, sai kuma Cumberland da Westmorland and Furness, waɗanda aka samar bayan an raba lardin Cumbria gida biyu. Gwamnatin jam'iyyar Conservative ce ta zana taswirar duka huɗun. Da aka gama ƙidaya, uku daga ciki sun faɗa hannun 'yan adawa, ta huɗun kuwa da ƙyar jam'iyyar ta riƙe ta.

Kafin a shiga sakamakon, sai an san abin da aka rushe. Tun daga 1974, bisa dokar ƙananan hukumomi ta 1972, yawancin karkarar Ingila na ƙarƙashin majalisu hawa biyu. A sama akwai majalisar lardi, wadda ke kula da makarantu, da hanyoyi, da ɗakunan karatu, da babban aikin nan mai cin kuɗi, wato kula da tsofaffi da masu buƙata ta musamman da yaran da ba su da mai riƙo. A ƙasa akwai majalisun gundumomi, masu ba da izinin gini, da samar da gidaje, da karɓar harajin gida. Kwandon shara ya isa misali. Motar gunduma ce ke zuwa ƙofar gida ta kwashe shi, amma zubar da sharar da sarrafa ta aikin lardi ne. Magidancin da ke da koke sau da yawa bai san ofishin da zai nufa ba, kuma kowane ofishi na iya tura shi wurin ɗan'uwansa. Dunƙulalliyar majalisa ita ce wadda ta haɗa ayyukan nan duka a hannu ɗaya, da kasafi ɗaya, da rukunin kansiloli ɗaya.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun a 1969 kwamitin Redcliffe-Maud ya ba da shawarar a raba mafi yawan Ingila zuwa irin waɗannan majalisu guda 58, sai gwamnatin Edward Heath ta ajiye shawarar ta zaɓi hawa biyu. Daga baya aka riƙa komawa gare ta kaɗan-kaɗan. A 1996 aka rushe lardunan Avon da Cleveland da Humberside. A 2009 Cornwall da Durham da Northumberland da Shropshire da Wiltshire suka dunƙule. Dorset ta bi a 2019, Buckinghamshire a 2020. Mai sauraro daga Nijeriya zai ga ɗan kamanni a nan, domin gyaran 1976 ya mayar da ƙananan hukumomin ƙasar hawa ɗaya a lokaci guda. Ingila ta ɗauki fiye da shekara hamsin tana wannan tafiya, har yau ba ta kai ƙarshenta ba.

A watan Yuli na 2021 ne ministan ƙananan hukumomi na lokacin, Robert Jenrick, ya bayyana hukuncinsa a kan larduna ukun. North Yorkshire za ta zama majalisa ɗaya. Somerset ma haka. Cumbria kuwa za a tsaga ta biyu. Wannan bambanci shi ya fara tayar da ƙura, domin mutane sun tambaya: in haɗewa ce ke rage kashe kuɗi, don me aka raba Cumbria?

Labarin Somerset ya fi kowanne ɗaukar hankali. Majalisar lardin tana hannun Conservative tun 2009, kuma shugabanta David Fothergill shi ne ya fi kowa tsayawa kan a yi majalisa guda, da alƙawarin za a riƙa tsimin fam miliyan 18.5 a kowace shekara. Gundumomi huɗu da ke ƙarƙashinta, Mendip da Sedgemoor da South Somerset da Somerset West and Taunton, sun ƙi. Su majalisu biyu suke so, ɗaya a gabas ɗaya a yamma. Suka shirya ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a a 2021. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu rajista ne suka amsa, kuma kusan kashi 65 cikin ɗari na waɗanda suka amsa ɗin sun zaɓi majalisu biyu. Ƙuri'ar ba ta da ƙarfin doka. Bayan 'yan makonni minista ya amince da majalisa guda.

Wata tara da 'yan kai bayan haka aka zo zaɓe. Kujeru 110 ne, mazaɓu 55, kowace da kansila biyu. Jam'iyyar Liberal Democrats ta ci 61. Conservative ta tsira da 36. Labour ta samu 5, jam'iyyar Green mai rajin kare muhalli ita ma 5, masu zaman kansu 3. Bill Revans ya zama shugaba. Abin da ya faru ke nan: jam'iyyar da ta yi yaƙi da kafa majalisar ita aka damƙa wa aikin kafa ta, wadda ta yi fafutukar kafa ta kuwa ta koma ɓangaren adawa. Ba za a ce fushin watsi da ƙuri'ar jin ra'ayi kaɗai ya jawo wannan ba, domin Liberal Democrats na da tsohon tushe a kudu maso yamma, a Yeovil ne ma jigonta Paddy Ashdown ya yi shekaru yana wakilci. Amma duk wanda ya tambayi mutane ra'ayinsu, suka faɗa, aka yi akasinsa, bai kamata ya yi mamaki ba idan sun tuna a ranar zaɓe.

A Cumbria rikicin ya kai har kotu. Majalisar lardin, ƙarƙashin Stewart Young na Labour, ta nemi alƙali ya sake duba hukuncin ministan, kotu ba ta amince ba. 'Yan adawa sun yi ta zargin cewa an ja layin ne don a taimaki Conservative, kuma in aka dubi taswirar siyasar lokacin za a gane dalilin zargin. Sabuwar Cumberland ta haɗa gundumomin Carlisle da Allerdale da Copeland. Kujerar majalisar dokoki ta Carlisle tana hannun Conservative tun 2010, Copeland ta koma hannunsu a zaɓen cike gurbi na 2017, Workington kuwa, tsohon garin ƙarfe da kwal da ya daɗe yana bin Labour, ta juya a 2019. Har masu sharhi sun mayar da mutumin Workington alamar ma'aikacin arewa da ya bar jam'iyyar iyayensa ya bi Boris Johnson. Ga duk mai lissafi a takarda, Cumberland ta Conservative ce.

Ƙuri'a ta ƙaryata lissafin. Cikin kujeru 46, Labour ta kwashe 30. Conservative ta samu 7 kacal, Liberal Democrats 4, masu zaman kansu 3, Green 2. Mark Fryer ya zama shugaba. John Mallinson, wanda ke jagorantar majalisar birnin Carlisle a ƙarƙashin Conservative, ya fito a daren ya ɗora laifin a kan Firayim Minista Boris Johnson, yana mai nuna cewa masu zaɓe sun daina amincewa da gaskiyar maganarsa. Maganar tasa na da tushe. A watan Afrilu, makonni kaɗan kafin zaɓen, 'yan sanda sun ci tarar Johnson saboda karya dokar kulle ta lokacin korona a gidan gwamnati. A watan nan dai farashin wuta da gas na gidaje ya tashi da kashi 54 cikin ɗari. Ɗan takarar kansila da ya ƙwanƙwasa ƙofa don ya yi maganar ramukan titi, sai ya tarar ana yi masa tambaya a kan shagalin da aka yi a gidan gwamnati da takardar kuɗin wuta. Wata biyu bayan zaɓen, ranar 7 ga Yuli, Johnson ya sanar zai sauka.

Ɗaya rabin, Westmorland and Furness, ya haɗa wurare da ba su da kusancin hali. Barrow-in-Furness gari ne na masana'anta a bakin teku, inda kamfanin BAE Systems ke ƙera jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin ruwa. South Lakeland ƙasar tafkuna ce da masu yawon buɗe ido. Eden kuwa tuddai ne da makiyayan tumaki. Cikin kujeru 65, Liberal Democrats ta ci 36, Labour 15, Conservative 11, masu zaman kansu 2, Green 1. Galibin kujerun Labour daga wajejen Barrow suka fito, ƙarfin Liberal Democrats kuwa yana Kendal da kewaye, mazaɓar Tim Farron, tsohon shugaban jam'iyyar. Jonathan Brook ya hau shugabanci. Sakamakon ya nuna matsala a fili: gari mafi girma a sabuwar majalisar ya zaɓi jam'iyya ɗaya, mulki kuma ya tafi hannun wata. Mutumin Barrow da a da yake da majalisarsa a cikin garinsa, yanzu sai ya jira hukuncin rinjayen da aka tara daga garuruwan da bai cika zuwa ba.

North Yorkshire ce kaɗai ta tsaya wa Conservative. Lardi ne mafi faɗin ƙasa a Ingila, mutanensa sun haura dubu 600, kuma a cikinsa ne mazaɓar jigon jam'iyyar, Rishi Sunak, take. Gundumomi bakwai aka narkar: Craven, Hambleton, Harrogate, Richmondshire, Ryedale, Scarborough da Selby. A zaɓen lardi na 2017 jam'iyyar ta ci kujeru 55 cikin 72. A 2022 ta ci 47 cikin 90, wato kujera biyu kacal sama da rabi. Masu zaman kansu sun samu 13, Labour 12, Liberal Democrats 12, Green 5, tsohuwar jam'iyyar Liberal 1. Carl Les ya ci gaba da shugabanci, amma cikin shekara ɗaya da 'yan watanni zaɓen cike gurbi da sauya sheƙa suka cinye wannan ɗan rinjayen.

A wannan lardin ne aka ga wani abin da ya cancanci a tsaya a kansa. A mazaɓar Skipton West and West Craven, Andy Solloway mai zaman kansa da Peter Madeley na Labour sun yi kunnen doki, kowa da ƙuri'a 503. Aka sake ƙirgawa, takarda bayan takarda, wakilan 'yan takara na tsaye suna kallo, lissafin bai sauya ba. Dokar zaɓen Ingila ta ce in haka ta faru baturen zaɓe ya raba gardama ta hanyar sa'a. Aka kawo tsinke aka ja, Solloway ya dace, aka ba shi kujerar shekara biyar. Mutum ɗaya da ya ga kamar ba shi da lokacin fita ranar Alhamis ɗin nan, da ya fita, da shi ne ya yanke hukunci. Abin yabo kuma shi ne an yi komai a idon jama'a, wanda sa'a ba ta faɗa wa ba ya karɓa.

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi daɗi a labarin, kuma bai kamata a raina shi ba. Jam'iyyar da ke mulki a Landan ta zana iyaka, ta sa ranar zaɓe, sannan ta faɗi a wurare uku cikin huɗu, kuma aka bayyana sakamakon kamar yadda ya fito. Wanda ya saba ganin jam'iyyar gwamna na lashe kowace kujerar ciyaman da kansila a zaɓen jiha zai san nauyin wannan. Ana kaɗa ƙuri'ar da fensir ne a kan takarda, daga ƙarfe 7 na safe zuwa 10 na dare, a kai akwatuna manyan zauruka, ma'aikatan majalisa su zauna layi-layi suna ƙirgawa da hannu.

Ɗaya ɓangaren kuwa ba shi da daɗi, kuma shi ne ainihin abin da wannan lacca ke son a lura da shi. Cin zaɓen sabuwar majalisa gadon nauyi ne, kuma haɗewa ba ta cika baitulmali ba. Wata bakwai bayan Somerset ta fara aiki, a Nuwamba na 2023, shugabanninta suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan kuɗi, suna hangen giɓin fam miliyan 100 a kasafin shekara mai zuwa. A ajiye wannan adadi kusa da tsimin miliyan 18.5 da aka yi alƙawari, za a ga tazarar. Babban dalilin shi ne kuɗin kula da tsofaffi da yara, wanda doka ta wajabta wa majalisa ko tana da kuɗi ko ba ta da shi, a lardin da tsofaffi ke da yawa. Aka shiga rage ma'aikata da sayar da kadarori. A 2025 gwamnati ta ba Somerset izini na musamman ta ƙara harajin gida da kashi 7.5 cikin ɗari, sama da iyakar kashi 5 da aka gindaya wa sauran. Masu zaɓen da suka sauya jam'iyya a 2022 sun sami sababbin fuskoki, amma takardar harajin da ke shigowa ta ƙofa ta ƙara nauyi.

Northamptonshire ta riga ta nuna wannan hanya. Majalisar lardin ta kasa daidaita kasafinta a Fabrairu na 2018, ta dakatar da duk wani sabon kashe kuɗi, mai binciken gwamnati Max Caller ya ba da shawarar a rushe ta. Aka kafa majalisu biyu a 2021. A zaɓen farko Conservative, jam'iyyar da aka yi fatarar a hannunta, ta ci 60 cikin 78 a arewa da 66 cikin 93 a yamma, domin a lokacin tauraron Johnson na haskawa. Shekara huɗu bayan haka, a Mayu na 2025, jam'iyyar Reform UK ta Nigel Farage ta karɓe duka biyun. Wannan na nuna cewa iskar siyasar ƙasa na kaɗa zaɓen kansila fiye da yadda ya kamata, kuma kansilan kirki na iya faɗuwa saboda laifin da aka yi a Landan, kamar yadda marar aiki ke iya tsira saboda farin jinin shugaban jam'iyyarsa.

Sai batun nisa. A North Yorkshire kansiloli fiye da 300 na lardi da gundumomi aka mayar 90. Kowane kansila yanzu yana wakiltar dubban mutane, wani ma ƙauyuka da dama da ke warwatse a kan tuddai. Hedikwata tana Northallerton, kuma mai gidan abinci a bakin tekun Scarborough ko manomi a Selby ba su ganin ta kusa. Ɗan takarar da ba shi da jam'iyya, wanda a da zai iya zagaye unguwarsa da ƙafa ya ci zaɓe da sanayya, yanzu yana buƙatar mota da kuɗin buga takardu da mataimaka. Mai aikin albashi ko uwa mai renon yara ba kasafai za su iya ɗaukar kujerar da ta koma kusan aikin yini ba. Wannan asara ce ta gaske, ko da ba ta fitowa a lissafin akanta.

Majalisun da kansu sun gane haka, shi ya sa suka fara mayar da wasu abubuwa ƙasa. An kafa majalisar garin Taunton a 2023. Garuruwa kamar Yeovil da Bridgwater sun karɓi kula da wuraren shaƙatawa da wasu ayyuka daga hannun Somerset, suka kuma ƙara nasu kason harajin don su biya. Harrogate da Scarborough, da suka rasa majalisun gundumarsu, sun sami majalisun gari a 2025. An rushe hawa biyu don a sauƙaƙa, ga shi wani hawan na tasowa daga ƙasa, ga kuma wani daga sama, domin a Mayu na 2024 York da North Yorkshire sun zaɓi magajin gari na haɗin gwiwa, David Skaith na Labour. A Cumbria ma rabuwar ta tilasta aka miƙa hukumar kashe gobara ga kwamishinan 'yan sanda da jama'a ke zaɓa, tunda ba a so a tsaga ta biyu.

Masu goyon bayan dunƙulewa na da hujjarsu, kuma adalci ne a faɗe ta. Tsohuwar da aka sallama daga asibiti tana buƙatar mai kula da ita da kuma gyaran matakalar gidanta. A da, na farko aikin lardi ne, na biyu na gunduma. Yanzu ofishi ɗaya ne, lambar waya ɗaya. Shugabannin ma'aikata takwas sun koma ɗaya a North Yorkshire. Kuma idan titi ya lalace ko shara ta taru, ba wanda zai ce ba hurumina ba ne. Mai zaɓe ya san wanda zai hukunta.

A matsayin manuniyar abin da ke tafe, zaɓen 2022 ya faɗi gaskiya. Ranar 20 ga Yuli na 2023, Sarah Dyke, kansila a sabuwar majalisar Somerset, ta ci kujerar majalisar dokoki ta Somerton and Frome a inuwar Liberal Democrats, a ranar ce kuma Keir Mather na Labour ya ƙwace Selby and Ainsty. A babban zaɓen 2024 Labour ta ci Carlisle, da Whitehaven and Workington, da Penrith and Solway, da Barrow and Furness. Kansilolin da suka ci a 2022 su ne suka zama sojojin yaƙin neman zaɓe, domin su ne suka san kowace ƙofa.

Bayan babban zaɓen 2024 Labour ce ta karɓi alƙalamin zana taswira. A Disamba na 2024 gwamnatin Keir Starmer, ta hannun minista Angela Rayner, ta fitar da takardar manufa da ke neman a kawo ƙarshen hawa biyu a duk Ingila, da burin kowace sabuwar majalisa ta ƙunshi mutum dubu 500 ko fiye. Cumberland da Westmorland and Furness, kowaccensu ba ta kai dubu 300 ba, wato da a yau ake zana su da ba su cika ma'aunin ba. Don share fagen wannan aiki aka ɗage zaɓen Mayu na 2025 a majalisu tara, cikinsu har da Essex da Hampshire da Norfolk da Suffolk da Surrey. Hujjar gwamnati ita ce ba amfani a kashe kuɗi a zaɓi majalisar da za a rushe. Hujjar ba ta gamsar ba, domin kansilolin da wa'adinsu ya ƙare su ne suka ci gaba da zama ana tattauna iyakokin da za su ɗaure miliyoyin mutane shekaru masu yawa, kuma mutanen nan ba a tambaye su ba. A Somerset an tambaya aka ƙi ji, a waɗannan wurare tara kuwa damar tambayar ma aka jinkirta. Su kuwa majalisu huɗun da aka zaɓa a 2022, wa'adinsu na shekara biyar ne, kuma a watan Mayu na 2027 ne za su koma gaban masu zaɓe karo na farko da ayyukan da suka yi a hannu.